Ba'andalusen da Ya Zo Rubuta Baba

Asabar, 3 ga Rabi'ul Awwal, 287. Ƙairawan

Baƙo ya zo yau. Ba'andaluse ne, wai Galib bn Mufarrij, daga Ƙurɗuba. Dogo, siriri, da tawada har a gefen gemu. Ta kafar labule na gan shi. Ya ce gari-gari yake bi yana tara tarihin malaman fiƙihu: wane ɗan wane, a wurin wa ya yi karatu, su wa suka ɗauka daga gare shi, yaushe ya rasu, amintacce ne ko ba amintacce ba. Ya gama da matattun garinmu, saura masu rai, kuma a masu rai babu wanda ya kai Baba tsufa.

Yaya Sinan har da miƙewa tsaye. "Lale, lale! Ai gidan Abu Sinan gidanka ne." Ni dai ban ce lale ba. Mutumin da aikinsa auna mutane bayan sun mutu, me ya kawo shi wurin wanda bai mutu ba tukuna?

Lahadi, 4 ga wata

Na sa Mabruka, tsohuwar da ke taya ni aikin gida, ta jiyo mini labarin baƙon a kasuwa. A masaukin fataken Ƙofar Tunis ya sauka. Masaukin surukin Ibn Zurara ne. Ibn Zurara fa, wanda tun ina yarinya suke kai ruwa rana da Baba a babban masallaci, shi da fiƙihunsa na mutanen Iraƙi, Baba da na mutanen Madina. Duk masaukan garin nan sai wannan?

Litinin, 5 ga wata

Abin da ban taɓa rubutawa ba, ko a nan.

Da safe Baba yana nan yadda yake. Ka jefa masa mas'ala ya cafe ta tun ba ta sauka ba. Bayan la'asar kuwa wani mutum ne. Ya kira ni da sunan Inna, da ta daɗe a kabari. Ya tambayi ko ayarin Misira ya tashi, kada a bar shi. Jiya takalminsa ya sa a cikin kwandon gurasa, ya rufe da kyau.

Ni na kafa dokar cewa karatu da safe ne kawai. Ɗalibai sun ɗauka ciwon baya ne. Ni da Yaya da Mabruka kaɗai muka sani.

Na san yadda masu irin wannan littafin ke yi. Kalma biyu ce: "ya rikice". Sau nawa na ji Baba da kansa ya kai kan sunan wani malami ya ce, "Bar wannan, ya rikice da tsufa," ya juya shafi? Mutum ya sha yunwa a Misira, ya sha sanyi a Madina, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, a shafe shi da kalma biyu. Ba a kan Baba ba. Ba ina da rai ba.

Laraba, 7 ga wata

Zama na farko, da hantsi. Ina bayan labule ina tsince adas, ɗan ƙanƙanin waken nan, kunnena na soro.

Alhamdu lillahi, Baba ya yi kyau. Ya ba baƙon labarin malaminsa na Madina da ya bar shi a bakin ƙofa har sanyi ya wuce, don kawai ya ga ko zai gudu. Ya lissafo waɗanda ya ji daga bakinsu, da waɗanda su suka ji daga bakinsu, bai yi tuntuɓe ba ko ɗaya. Har da tsokana: "Ku mutanen Andalus, idan kun zo neman ilmi rabin kayanku takarda ne, rabi ƙorafin abinci." Baƙon ya yi dariya.

Amma na lura da wani abu. Ya tambayi shekarar da aka haifi Baba. Can an jima, ana tsakiyar wata hira, sai ya ce, "Malam, shekarar babban fari kana da shekara nawa?" Tambaya ɗaya ce aka sake wa riga. Tarko.

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ke dai da zargi, Najiya. Sana'arsu ce, kowa haka suke masa." To ai ita ce nake tsoro.

Jumma'a, 9 ga wata

An ga baƙon wurin wanzamin Baba. Me wanzami ya sani a fiƙihu?

Asabar, 10 ga wata

Yau baƙon ya yi mini magana kai tsaye, ta bayan labule. "'Yar Malam, da safe ɗalibai sun yi yawa. Ko zan riƙa zuwa bayan la'asar?"

Na ce Malam na hutawa a lokacin.

"Kullum?"

Na ce kullum.

Ya ce Allah ya ƙara masa lafiya. Muryarsa da taushi. Masu taushin muryar nan su na fi tsoro. Wa ya ce masa la'asar? Bai ce azahar ba, bai ce magariba ba. Wani ya yi magana. Na tsare Mabruka, ta rantse har da kuka. Wanzamin ne ke nan. Ko ladan. Ko ɗalibin nan mai jan gemu da ya yi sallama ran nan da yamma, ya tarar Baba na neman jakinsa da ya mutu tun kafin a yi mini aure.

Talata, 13 ga wata

Yaya ya sayo sabon rawani. Kullum yana gefen baƙon, yana cusa kansa: "Kamar yadda na karanta a gaban mahaifina…" So yake a rubuta shi a ƙarƙashin Baba, magaji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a Susa yana safarar man zaitun, sai da furfura ta fito ya tuna gidansu akwai littafi. Allah ya yafe mini, ɗan'uwana ne. Amma ban saki jiki da shi ba a kwanakin nan.

Alhamis, 15 ga wata

Abin ya faru.

Na je barka gidan maƙwabta, na ce wa Yaya kada a buɗe wa kowa. Na dawo bayan la'asar na tarar da takalma a ƙofar soro. Yaya ya kira Ba'andalusen cin ɓaure, wai hira kawai, Baba na zaune. Sai ga Yaklaf mai ulu ya faɗo a gigice, ba wanda ya tare shi.

Ina tsaye da mayafina ban ko cire ba, na ji komai. Yaklaf ya ce bara waccan ya saki matarsa Tamima saki ɗaya, ya mayar da ita. Jiya rai ya ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya sake furta ɗaya. Yana da hanya?

Baba ya ce, "Uku sun cika. Ta haramta gare ka sai ta auri wani."

"Malam, biyu ne fa."

"Na ce uku! Ba kai ne ka zo mini da wannan maganar har sau biyu ba, Maksan?"

Maksan uban Yaklaf ne. Ya rasu tun Yaklaf na goye.

Sai Yaya ya ce, "To ka ji abin da Malam ya ce." Yaklaf ya fita yana jan ƙafa.

Na leƙa. Baƙon ya ajiye alƙalaminsa a kan tabarma, bai rubuta komai ba. Da ya rubuta ma da ya fi mini sauƙi. Abin da aka ajiye a ka ba a iya yaga shi.

Jumma'a, 16 ga wata

Mabruka ta ga Tamima a kan jaki da jaririnta, an nufi da ita ƙauyensu. Manyan yaran biyu suna bin jakin suna kuka har ƙofar gari.

Na sami Yaya. Na ce, "Ka san kuskure ne." Ya ce, "Idan muka ce kuskure ne, mun ce me ke nan? A gaban wa? Ki bari mutumin nan ya tattara takardunsa ya tafi, sai a gyara a hankali." Na ce idda ba ta jiran baƙo. Ya ce ai da sauran lokaci.

Na zage shi a raina. Sannan ni ma na koma ɗaki. Ban aika wa Yaklaf ba.

Asabar, 17 ga wata

Ba'andalusen bai zo ba. Yana can yana ba Ibn Zurara labari, suna dariya. Ina ganin abin kamar a gabana.

Lahadi, 18 ga wata

Bai zo ba. Ban iya cin abinci ba. Yaran nan da ke bin jaki.

Litinin, 19 ga wata

Bayan asuba na kai wa Baba gurasa da man zaitun. Idonsa garau. Na zauna kamar yadda nake zama ina ƙarama, na ce, "Baba, mas'ala. Mutum ya saki matarsa ɗaya, ya mayar, ya sake sakin ɗaya."

Bai ko ɗago ba. "Ya mayar da abarsa kafin idda ta cika. Saura igiya ɗaya, ya iya bakinsa. Wannan ma tambaya ce? Kin tsufa kina komawa baya."

Na ce wani malami ya ce ta haramta.

"Wane jakin ne?"

Ya ɗago ya dube ni. Gurasar na hannunsa a cikin kwano, man na ɗiga. Ya daɗe yana dubana.

"Ni ne?"

Na sunkuyar da kai.

"An raba su?"

Na ce ta tafi gidansu.

Bai yi kuka ba, bai yi salati da ƙarfi ba. Ya goge hannunsa a hankali, yatsa-yatsa. Ya ce a kira masa Yaklaf yanzu, kafin rana ta ɗaga. "Yanzu, Najiya, tun ina nan."

Tun ina nan. Ashe ya san yana tafiya yana dawowa.

Ɗalibai sun taru, Ba'andalusen ma ya zo, ban san wa ya gaya masa ba. A gabansu duka Baba ya ce wa Yaklaf, "Ɗana, na yi maka kuskure. Je ka ɗauko matarka, ka yafe mini." Yaklaf ya faɗi yana sumbatar gwiwarsa. Sannan Baba ya juya ga ɗalibai: "Daga yau an rufe karatu. Ƙwaƙwalwata ta fara cin amanata. Wanda ya sake ɗaukar fatawa daga bakina, shi da Allah." Yaya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu kamar yaro.

Da la'asar ya manta duka. Ya tambayi ina ɗalibansa. Ya ce ni na kore su, baƙin ciki nake masa, zai gaya wa Inna. Na shiga madafa na rufe ƙofa.

Laraba, 21 ga wata

Tamima ta dawo. Ta aiko da cuku. Ban iya taɓa shi ba.

Alhamis, 22 ga wata

Ba'andalusen ya zo, ya ce ni yake son gani, ba Malam ba. Mabruka ta zauna a bakin ƙofa, ni bayan labule.

Ban bari ya fara ba. Na ce, "Ka samu abin da ka zo nema, Malam. Sai ka kai wa wanda ya aiko ka."

"Wa ya aiko ni?"

Na ce wanda kake kwana a masaukin surukinsa.

Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba dai, ko kuma ya iya ɓoyewa. Ya ce masaukin ya fi araha ne, kuma ƙuma ta fi ta ko'ina yawa. Wai Ibn Zurara cewa ya yi da shi, "Rabu da tsohon nan, ka rubuta alheri ka wuce, babu irinsa a garin nan." Wannan kam ban yarda ba. Ibn Zurara?

Ya ce tun a Misira ya ji ƙishin-ƙishin, daga wani da ya zauna a gaban Baba bara. Ya ce, "Ba don in gano ko ya rikice na zo ba, 'yar Malam. Wannan ko ban rubuta ba wani zai rubuta. Na zo in san daga yaushe."

Na ce me zai ƙara masa.

"Idan na san lokacin, zan ce duk abin da aka ji daga gare shi kafin nan ingantacce ne, a riƙe shi. Idan ban sani ba, dole in ce ya rikice, ba a san yaushe ba. Daga nan duk mai tsoron Allah da ya zo bayanmu zai ajiye karatun mahaifinki gaba ɗaya, na ƙuruciya da na tsufa, don ba zai iya rabewa ba. Wanzami bai sani ba. Ladan bai sani ba. Ɗalibai da safe kawai suke ganinsa. Ke kaɗai ce."

Na san wannan ƙa'idar. Na sha jin ta a soron nan. Ban taɓa ɗora ta a kanmu ba.

Na ce, "In na ce maka watan nan ne fa?"

"Sai in rubuta watan nan, in rubuta ke kika faɗa. Ran da wani ya kawo kuskuren da ya ji bara, a zubar da maganarki, a zubar da shi."

Na ce zan yi tunani. Ya iya magana, wannan kam. Duk mayaudari ya iya magana.

Jumma'a, 23 ga wata

Yaya ya shigo ɗakina, abin da bai saba ba. Ya zauna a bakin shimfiɗa yana murza rawaninsa.

"Ki ce masa watan nan ne."

Na dube shi.

"Najiya, ni fa sai bayan zazzaɓin nan da ya rikita Baba na zauna na karanta babban littafin a gabansa. Kin sani. In kika faɗi gaskiyar lokacin, karatuna duka ya tashi a banza. Ba mai zama a gabana. In koma ina, Susa? Da wannan furfurar?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Shi ya goya ni zuwa kallon idi. Shi ya je ya ɗauko ni da kayana ran da mijina ya rasu, bai bar dangin miji sun wulaƙanta ni ba.

Na ce, "Yaya, da safe ka karanta, wataƙila duk daidai ne." Ya ce to ai shi ke nan. Na ce wataƙila ba ta shiga littafi.

Ya tashi ya fita. Ashe shi ya sa tun farko yake ta lale lale, so yake a rubuta a wuce kafin a gane. Ko kuwa ni ce dai da zargi. Ban sani ba kuma.

Litinin, 26 ga wata

Da safe na so in tambayi Baba abin da zan yi. Na fasa. Na san amsar, kuma na san da wane suna zai kira ni in na yi ƙarya.

Laraba, 28 ga wata

Na faɗa wa Ba'andalusen. Zazzaɓin Ramadan na shekara ta 285. Ya tashi daga ciwon, ranar idi ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, wani mai ruwa ya rako shi. Daga nan ne. Kafin nan ko wasali bai taɓa ɓace masa ba, na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Ya tambaye ni ta hanya uku, yana sake wa tambayar riga kamar yadda ya saba. Na ce, "Malam, ko ta goma ka zo, Ramadan ne." Na ji alƙalami na tafiya.

Yaya ya ɗaure kayansa da azahar. Susa. Ya shiga ya sallami Baba, ya wuce ƙofata.

Litinin, 3 ga Rabi'us Sani

Ibn Zurara ya zo gaisuwa, ana riƙe da shi, shi ma ya tsufa tuɓus. Na so in ce Baba na barci. Da la'asar ne kuma. Na dai bari.

Baba bai gane kowa ba yau, amma yana ganinsa ya ce, "Kai ne? Har yanzu kana nan kana halatta wa mutane tsimin dabino?" Ibn Zurara ya ce, "Ina nan, Dahman, ina jiran ka kawo hujja." Suka kama, kamar a masallaci. Da zai fita na ga gemunsa a jiƙe. Ko ciwon ido ne, tsofaffi ba sa rabuwa da shi.

Alhamis, 6 ga wata

Gobe Ba'andalusen zai tafi Susa ya hau jirgi. Ya nemi ya karanta mini abin da ya rubuta, wai in akwai gyara. Na riƙe abin da na iya:

"Abu Sinan Dahman bn Rabah, na Ƙairawan. Ya yi karatu a Misira da Madina. Masani ne, amintacce, mai kaifin amsa, mai barkwanci. Ya rikice bayan zazzaɓin Ramadan na 285. Abin da aka ji daga gare shi kafin nan ingantacce ne. Da ya gane halin da yake ciki, shi da kansa ya warware fatawarsa a gaban jama'a ya rufe karatu, ban ga wanda ya yi haka ba a duk inda na je. 'Yarsa Najiya ce ta ba ni lokacin, kuma amintacciya ce."

Na ce wa ya sa shi ya auna ni, ni malama ce? Ya ce duk wanda aka ɗauki magana daga bakinsa sai an auna shi. Na ce ya cire "mai barkwanci", ba girma. Ya ce wannan kam ba zai cire ba.

Wa ya san ko abin da ya karanta mini shi ne a takardar? Ta bayan labule ba a ganin rubutu.

Laraba, 26 ga wata

Kwana biyu ban rubuta ba. Ƙofar soro a buɗe take yanzu har magariba, tsofaffin ɗalibai na zuwa su gaishe shi su tafi. In ya kira su da sunan matattu sai su amsa. Ina barci sosai, abin har da kunya.

Ranar Asabar aka zo da labarin wani jirgi da ya tashi daga Susa zuwa yamma, iska ta kife shi, ba wanda ya fita. Na rasa inda zan sa kaina. Ba wanda na sani a Susa sai Yaya, shi kuwa ba ya mini magana. Na dai haɗiye, na ba wani mai alfadari saƙon baki zuwa gare shi: jirgin da Ba'andalusen nan ya hau ne?

Yau mai alfadarin ya dawo. Wai Yaya ya ce ba shi ba ne, nasu ya riga ya wuce lafiya, shi da kansa ya raka shi bakin ruwa. Wai kuma yaya jikin Baba, kuma ko ina bukatar mai.

Na yi sujada a tsakar gida, Mabruka na kallona. Na ce mata don takardun ne.

Na ce a gaya wa Yaya man ya kusa ƙarewa. Tulu biyu ne cike a ɗaki.